Abin Da Aka Faɗa a Bakin Famfo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikokin nan da suka hana ki sakat. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da rabona da biro tun barina makaranta. Wayata ta faɗa injin wanki a wurin aiki, yanzu ta maigidana Injiniya muke amfani da ita, in ya tafi gareji ya tafi da abarsa. Kuma kin san bangon ɗakinmu katako ne, in na yi atishawa maƙwabta ke fara yi mini sannu. Ban da haka ma, maganar ba ta shiga baki. Sau biyu na kira ki don in faɗa, sai in ji kaina ina tambayarki ya zafi.

Yaya, wata huɗu ke nan ina fama da ƙaiƙayi a ƙasa. Ba irin wanda ake sosawa a huta ba ne. In na sosa sai ya koma raɗaɗi kamar an zuba barkono, wurin ya yi ja ya kumbura. Akwai wani farin abu mai kauri da ke fita, gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke. Ba ya wari, wannan ne kawai rufin asirina. In zan yi fitsari sai na dafa bango. Yakan lafa kwana biyar ko shida har in ce na rabu da shi, sai ya dawo gab da al'adata. Na dai lura ya soma ne bayan an cire mini haƙori an ba ni magungunan mako guda, amma ina ruwan haƙori da can?

Kin san aikinmu a ɗakin wankin otal. Daga bakwai na safe zuwa biyar ina tsaye gaban injin guga, tururi na dukana, ga rigar aiki ta nailan da wando a ciki, ga robar da muke ɗaurawa a gaba. Kafin azahar komai nawa ya jiƙe. Nakan shiga bayi sau goma, rabi don fitsari, rabi don in sosa ba a gani ba. Shugabarmu har ta fara kallon agogo in na fita. Ruwa kuwa sha nake kamar raƙumi, zafin wurin ne.

Abin da ya fi damuna shi ne Injiniya. In ya kusance ni ji nake kamar ana yanka ni da reza, sai na riƙa kawo dalili, yau gajiya, gobe ciwon kai. Bai taɓa cewa komai ba, kin san shi, magana tsada take yi masa. Sai dai ya juya ya fuskanci bango. Shekara goma sha shida da aure ban taɓa ɓoye masa ciwo ba sai wannan.

Asibiti ban iya zuwa ba. Mai karɓar kati a na unguwarmu ƙanwar matar mai gidan hayarmu ce, kuma da ƙarfi take tambayar mutum abin da ya kawo shi. Ke kin yi shekaru a shagon maganin tsohon mijinki, ba abin da ba ki gani ba. Don Allah ki gaya mini mene ne wannan, da abin da zan sha. Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa, a manne.

Ki gai da kowa da kowa. In kin karanta ki yaga.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu na yaga. Jikoki suna gaishe ki. Ƙaramin ya zauna mini a kan tabarau, da ido ɗaya nake rubutun nan.

Wata huɗu kina zaune da wuta a zane don kunyar mai karɓar kati? Ke dai tun kina ƙarama haka kike, in ƙaya ta soke ki sai ta yi ruwa kafin a sani.

Abin da kika lissafa sanyi ne, ba wani abu ba. Na ga irinsa ba adadi. Ga kafso nan a leda, ja da rawaya, ki sha biyu da safe biyu da yamma har su ƙare. Ƙaramar kwalbar kuma ruwan wanke ciwo ne. Ki zuba murfi ɗaya a ruwan ɗumi ki zauna a ciki, ki wanke har ciki, ki bi da sabulu mai kashe ƙwayar cuta. Zai yi zafi. Maganin da bai yi zafi ba ruwa ne.

Yanzu ki buɗe kunne. Sanyi ba daga sama yake faɗowa ba. Ke na san ki, daga ɗaki sai otal, daga otal sai ɗaki. To wa ya kawo shi? Kada ki ce mini Injiniya shiru-shiru ne. Irinsu ake kira macijin ƙaiƙayi, ga shi kuwa ƙaiƙayin ya iso gare ki. Uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya kai shi sunkuyar da kai a hanya. Shekara uku ina shan magani abin na dawowa, yana rantsuwa bai san komai ba, har na gaji na kwashe kayana. Ba gara da na fita da raina ba?

Mace in tana shan magani ciwo na dawowa, to rijiyar da take sha ce ba tsabta. Ƙarfe nawa yake tashi daga gareji, ƙarfe nawa yake shigowa? Wa yake gaisarwa da fara'a? Ban ce ki yi faɗa ba, cewa na yi ki buɗe ido.

Allah ya ba ki lafiya. Ki shafa mini kan yara.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, na kuma gode da saƙo.

Na shanye kafson, na zauna a ruwan kullum. Kwana ukun farko kamar da sauƙi. Yanzu abin ya ninka. Fatar wurin ta tsattsage, jan ya gangaro har cinyoyina, tafiya nake kamar wadda ta sauko daga kan jaki. Abokan aiki har tsokanata suke, ina taya su dariya. Rigar aikina ta yi mini yawa.

Na buɗe idon. Ƙarfe shida yake tashi, shida da rabi yana gida, ban sami komai a nan ba. Amma akwai Mai ɗinki, wadda ɗakinta ke kallon namu. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata 'yan mata biyu, babbar ajinsu ɗaya da ɗiyata. Kekenta tsoho ne, kullum cikin lalacewa, kullum Injiniya ke gyarawa. Da ban taɓa kawo komai a raina ba, ni ce ma ke ce masa je ka duba mata. Ita ta ɗinka wa yarana kayan makaranta, ta ce ladan gyara ne. Amma ran Talata na tsaya a taga. Yana tsugune gaban keken a ƙofarta, ta faɗi wani abu, ya yi dariya har da buga gwiwa. Yaya, na manta rabon da in ji dariyar mutumin nan.

Jiya kuma ina neman filaya a akwatin kayan aikinsa, sai na ga wani man shafawa a naɗe cikin tsumma. Na kai wa mai shagon magani na bakin titi, na ce tsinta na yi. Ya ce na ƙaiƙayin gaba ne. Na dawo na ajiye masa kusa da kwanon abincinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kwana biyu ne na ji ba daidai ba, ya ma wuce."

Na ce a ina ya samo.

Ya ce, "Ni ma tambayar da nake ta haɗiyewa ke nan, don kada in ɓata miki."

Kin ji? Ni zai juya wa laifi.

Tun jiya ban sa komai a cikina ba sai ruwa. Yanzu haka ina jin ƙarar kekenta. Kayan aurenta take ɗinkawa, wai wani malamin makaranta zai aure ta bayan watan gobe. Ta samu nata, ta lalata nawa.

Ki sa ni a addu'a.

Auta

*

Zuwa ga Yaya, babbar yayar iyalina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki gafarce ni da rubutun, hannun da ya saba da sifana ne. Ban taɓa kawo miki ƙarar ƙanwarki ba, yau ma ba ƙara ba ce, neman taimako ne.

Ranar Lahadi da safe, lokacin da kowa ke gida, mata na layi a bakin famfon tsakar gida. Ina ɗaki ina aski na ji muryar Auta. Kafin in fito ta riga ta tsaya a kan Mai ɗinki. Ba zan rubuta duk abin da ta faɗa ba. Ta kira ta mai yawo da cuta. Ta ce ita ta shafa mini na kawo gida. Ta ce duk matar da ke aika mijinta karɓo ɗinki ta kuka da kanta. Gidan ɗaki goma sha huɗu ne, ba wanda bai ji ba. 'Yan matan Mai ɗinki na tsaye da bokiti a hannu. Ita ba ta ce uffan ba. Ta bar bokitinta a ƙarƙashin famfo yana ambaliya, ta ja 'ya'yanta ɗaki.

Yaya, na rantse da wanda raina ke hannunsa, tsakanina da matar nan gyaran keke ne da gaisuwa.

Na ɗauki 'yan kayana na koma gareji, a can nake kwana. Ban saki Auta ba, ba ni da niyya. Na fita ne don kada in faɗi abin da ba ya dawowa. Ran Litinin na je babban asibiti na ce a gwada ni duk abin da ake gwadawa. Ga takardar nan na haɗo miki, ke kin iya karanta irinta. Likita ya ce babu cutar da ake ɗauka ta wannan hanya a jikina. Ya ce ɗan ƙaiƙayin da na yi, namiji kan same shi daga iyalinsa ba tare da kowa ya yi laifi ba, ya ce in kawo ta. Na kai mata takardar, ta ce ai takarda ba ta musu da mai biro.

Akwai abin da ya fi wannan tsorata ni. Ta zube ƙwarai. Jarka guda take shanyewa tsakanin la'asar da magariba, fitsari ba iyaka. Kwanan baya ta ce in zura mata zare a allura, ita da ke zura wa mutane. Na kuma ga kiyashi na taruwa a inda ta yi fitsari a bayi. Ni mai gyaran mota ne, amma na san injin da ke shan ruwa haka akwai abin da ke cinsa a ciki.

Ke kaɗai take jin maganarki, kuma na san ba ki taɓa ɗora ta a hanyar banza ba. Don Allah ki sa baki ta je asibiti.

Na bar ki lafiya. Allah ya ƙara girma.

Ƙaninki,
mijin Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Injiniyanki ya rubuto mini, har da takardar likita, har da rantsuwa. Uban 'ya'yana ma ya yi rantsuwa. Wanda ya sha magani ya warke kafin gwaji, me gwaji zai gani?

Ban ji daɗin tonon sililin da kika yi a bakin famfo ba. Ido na ce ki buɗe, ban ce baki ba. Amma tunda an yi, an yi. Kin ga ai ta yi shiru, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Ramar da yake faɗa ta baƙin ciki ce, shi ya jawo. Kada ki bi shi wurin likitansa su haɗa miki baki. Ga wasu kafson nan da suka fi na farko ƙarfi. In an ba ku hutu ki taho nan ki huta.

Allah ya saka miki.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Daga gadon asibiti nake rubuto miki, hannun hagu a naɗe. Yau kwanana tara.

Ran Alhamis ina gaban injin guga na ji bakina ya bushe, hasken ɗakin ya yi ruwa-ruwa. Ban san na faɗi ba. Hannuna ya kwanta a kan ƙarfen, kafin a janye ni ya ƙone daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Sun ce suga ne. Ya hau har na'urarsu ta kasa faɗin adadinsa. Sun ce na daɗe da shi.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ita ke wanke mini ƙunar. Ita ta lura da yadda nake murƙususu a gado, ta ja labule ta duba ni, ta ɗebi ɗan abin da ke fita aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta zauna a bakin gadona ta ce, "'Yata, wa ya ce miki cutar maza ce wannan?" 

Ta ce wani ɗan abu ne dangin yis ɗin da ake sa wa burodi. Mata da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, yana zaune lafiya, akwai wasu ƙwayoyi masu amfani a jiki da ke taka masa birki. In an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda aka ba ni na haƙori, sai masu amfanin su mutu, shi ya samu fili. Zafi da danshi da matsattsun kayan nailan na ƙara masa ƙarfi. Juna biyu ma yana kawo shi. Ta ce har yarinyar da ba ta san namiji ba tana yi. Amma wanda ya ƙi tafiya irin nawa, sau da yawa suga ne ke ciyar da shi.

Ta tambaye ni me na sha. Na nuna mata ledar kafson, na gaya mata ruwan zama da sabulun. Ta rufe ido ta ce, "Gobara kika yi ta kashewa da kananzir. Wa ya ba ki?" Na ce saye na yi.

Maganin matsi aka ba ni da man shafawa. Kwana huɗu, Yaya. Kwana huɗu kawai abin ya kwanta. Da na ji jikina shiru sai kuka ya zo mini, don sai a lokacin na sami sararin tuna abin da na yi.

Ɗiyata ce ta ba ni labarin gida. Mata sun je sun karɓe yadukansu daga wurin Mai ɗinki, wasu ko gama ɗinkin ba a yi ba. Malamin makarantar ya aiko 'yan'uwansa su ce a dakata da maganar auren. Babbar 'yarta ta daina zuwa makaranta, yara na toshe hanci in ta shigo aji, suna tashi daga bencinta. Ran Asabar suka loda kaya a amalanke, ba wanda ya san inda suka nufa.

Injiniya na zuwa kullum da yamma. Ya kawo abinci, ya tambayi ma'aikaciya yadda sugan yake, ya zauna a benci yana kallon ƙasa, in lokacin ziyara ya cika ya tafi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ki ci abinci."

Sun tambaye ni ko akwai mai suga a danginmu, na ce babu. Daga baya na tuna Inna. Kwanon ruwan da ba ta rabuwa da shi, da yadda take shigewa bayan ƙofa tana sosa ta cikin zane, da gyambon ƙafar da ya tafi da ita. Kin girme ni da shekara goma sha biyu, kin fi ni tunawa. Ma'aikaciyar ta ce duk 'yan ɗakinmu su je a gwada su. Yatsa kawai ake sokawa.

Ki huta lafiya.

Auta

*

Zuwa ga ƙanina Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jinya. Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara, huɗun na yaga.

Ka rubuto ka ce ban taɓa ɗora ta a hanyar banza ba. Ni na ɗora ta. Ta zo mini da ciwo tana neman magani, na aika mata abin da ya ƙara mata, na haɗa mata da zarginka. Ita ba ta kawo ka a ranta ba sai da na sa mata. Da ka roƙe ni in tura ta asibiti, na rubuta mata kada ta je. Ta rufa mini asiri a wurin ma'aikaciya, na san kai ma ba ta gaya maka ba. Ban kuma taɓa karatun magani ba. Miƙo kaza, naɗe kaza, shi ne aikina a shagon, sai mutane suka yi ta ce mini likita har na yarda.

Ba ina cewa ka wanke ta ba ne, bakinta ne ya faɗa. Amma ka san inda ruwan ya ɓullo.

Ta ce in je a gwada ni. Ban je ba. Sau biyu na sa mayafi na kai bakin titi na dawo. Ba allurar nake tsoro ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na bar uban 'ya'yana a kan irin wannan ciwon. Ya biyo ni gidanmu sau uku, na ƙi fitowa. Na gaya wa 'ya'yansa abin da ya raba mu, har ya rasu babban ɗanmu bai ƙara zama ya ci abinci da shi ba. Ciwon kuwa bai bar ni ba don na bar shi. Har yau yana zuwa yana tafiya, ni ce dai ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. In takardar ta ce suga ne, wa zan je in ba haƙuri?

Kai kana raye. Ka yafe mini in za ka iya. Allah ya ba ka ladan haƙurinka.

Yayarku

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jikoki. An sallame ni mako uku ke nan, ina yi wa kaina allura safe da yamma. Otal sun ɗauki wata a gurbina, sun ce hannun ba zai jure tururi ba. Injiniya ya ce kin rubuto masa. Bai faɗi abin da kika ce ba, ban kuma tambaya ba.

Na nemo Mai ɗinki. Mai amalanken da ya kwashe musu kaya ya kwatanta mini. Can ƙarshen gari ne, bayan injin yankan katako, ɗaki ɗaya, ƙurar katako har kan tabarma. Keken babu. Yanzu buhu take ɗinkewa da babbar allura a wani sito, yatsunta duk sun farfashe. Babbar 'yar ce ta buɗe ƙofa, da ta gan ni ta koma ciki.

Uwar ta ba ni wurin zama, ta ba ni ruwa. Na durƙusa na faɗi duka, sugan, maganin, abin da ma'aikaciya ta ce. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Tun ranar na san ba ki da lafiya, mai lafiya ba ya irin wannan idon."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "A ɗaki kika zage ni?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To me ya sa kika kawo haƙurin ɗaki?"

Ran Lahadi da safe na fita bakin famfo, na jira layi ya cika. Na ce ƙarya na yi wa baiwar Allah, ciwona suga ya kawo shi, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Na ɗaga murya kamar na farko. Yaya, ranar da na zage ta har masu wanka sun leƙo. Wannan karon ko juyowa wasu ba su yi ba. Matar mai gida ta ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, mijin ya lallashe ta." Wata ta ce in matsar da bokitina in ba ɗiba zan yi ba. Masu yadukan sun riga sun sami wani tela.

Na je makarantar da malamin ke koyarwa. Ya saurare ni a tsaye a baranda, da alli a hannu. Ya ce shi ya yarda da ni, amma mahaifiyarsa ta riga ta ji, kuma abin da ya shiga kunnen tsohuwa ba ya fita.

Na koma na gaya wa Mai ɗinki na yi. Ta ce ta gode. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sake tambaya ba. 'Yar har yanzu ba ta koma makaranta ba, tare suke zuwa siton.

Ban riƙe ki ba. Ko na riƙe ban san inda zan ajiye ba, nawa ya cika mini hannu. Sai dai ban iya rubuta miki kamar da ba tukuna, kada ki ga shiru ki ɗauka wani abu ne.

Na bar ki lafiya.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki. Takardarki ta iso tuntuni, ban amsa ba don ban san me zan ce ba.

Na dawo gida saboda allurarta da yara. A falo nake kwana. Muna gaisawa, muna cin abinci tare. Abin da ya wuce wannan ban sani ba tukuna.

Abin da yake nawa na yafe miki. Na matar nan da 'ya'yanta ba ni da ikon yafewa. Na marigayi kuma, 'ya'yansa suna raye, za su iya ji.

Ran Laraba ce ranar asibitin Auta. Na yanki kati biyu. Motar farko daga wurinku tana isowa ƙarfe takwas, zan tsaya a tasha har tara. Sun ce kada ki ci komai kafin ki taso.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
mijin Auta